Giwar da Yaya Ya Goge

Yayana mai guga ne. Tun ina firamare yake wannan sana'a, kuma har yau a shago ɗaya yake, wani ɗan ɗaki a bakin titi tsakanin mai aski da mai gyaran waya. A ciki akwai dogon teburi da aka shimfiɗa wa tsohon bargo da farin ƙyalle, sai igiya daga bango zuwa bango inda rigunan mutane ke rataye. A unguwa Mai Guga ake kiransa, ni kuwa Yaya nake ce masa. Ni akawu ne a wani ɗakin ajiyar kaya, aikina in rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Shi ya bar makaranta ya kama dutsen guga domin in kai inda na kai.

Yana da hali ɗaya da kowa ya san shi da shi: ba ya iya ganin abu a yamutse ya ƙyale. Jaridar da zai naɗe kayan mutane da ita ma sai ya bi ta da dutse. Matarsa takan ce, "In ka daɗe zaune kusa da shi, kai ma sai ya yayyafa maka ruwa ya fitar maka da kari."

Auta ta zo musu ne bayan manyan yaran sun girma sun watse. Tun kafin ta shiga aji ɗaya, duk takardar da ke da hoto sai ta tsaya a kanta tana tambaya. Yaya ya taɓa shiga kantin littattafai dominta. Ya ɗauki wani mai hoton jirgin ruwa, ya juya bayansa ya ga farashi, sai ya mayar da shi a hankali ya fito. Akwai kuma wani dattijo da ke baza tsofaffin littattafai a kan leda kusa da tashar mota, amma yawancin nasa na jarrabawa ne, na ƙananan yara kuwa sai an dace.

Ni na gaya masa zancen laburaren da ke bayan kasuwa, cewa ana ba da aro kyauta. Muka je tare aka yi masa kati. Da muka fito na juya bayan katin na karanta masa dokokin da ƙarfi, kamar yadda na saba da kowace takarda. Ta ƙarshe ta ce wanda ya lalata littafi za a iya karɓe katinsa. Na maimaita masa ita don ta zauna, ta kuwa zauna.

Daga nan kowace Asabar da la'asar sai ya rufe shago da wuri, ya sa farar riga, ya riƙo hannun Auta. Malamar da ke kula da sashen yara wata doguwar mata ce, Auta na kiranta Anti Mai Tabarau. Yaya ba ya karatu da sauri. Da yatsa yake bin layi, yana tsayawa a kan doguwar kalma kamar mai neman hanyar tsallake kwata. Kafin mako ya zagayo Auta ta haddace labarin, in ya yi tuntuɓe ita ke gyara masa.

"Baba, ba haka ba ne. Sake."

Shi kuma ya sake, yana murmushi.

Littafin da ya jawo maganar nan labarin wata giwa ne da ke yawo kanti-kanti tana neman takalmi daidai ƙafarta. Shafukansa masu kauri ne, suna sheƙi. Wata rana Auta na zaune ƙarƙashin teburin guga tana kallon hotunan littafin, sai ƙafarta ta ture kwanon ruwan da ake yayyafa wa kaya. Littafin ya jiƙe, da ya bushe kuma shafukan suka kumbura suka lanƙwashe. Ta yi ta kuka.

"Share hawayenki," in ji Yaya. "Abin da ya yamutse ai aikina ne."

Da safe, bayan ta tafi makaranta, ya rage wa dutse zafi kamar zai goge siliki, ya buɗe shafin tsakiya ya ɗora. Bai san sheƙin nan wata siririyar leda ce aka manna a kan takardar ba. Wari ya fara ji. Da ya ɗaga, shafin ya ƙanƙance ya yi baƙi, fuskar giwar kuma ta biyo gindin dutsen. Mutumin da bai taɓa ƙona wa kowa ko hankici ba.

Ya tura littafin ƙasan buhun kayan da masu su suka manta da su. Ranar Asabar Auta ta sa takalmanta ta tsaya a ƙofar shago.

"Baba, mu tafi."

"An rufe laburare," in ji shi, bai ɗago ba. "Gyara ake yi."

"To giwa fa?"

"Na mayar musu."

Haka makonni suka yi ta wucewa. Ya daina bin hanyar bayan kasuwa, ko kai kaya zai yi sai ya zagaya. Nufinsa ya samo irin littafin sak ya mayar, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. A kantin littattafai aka ce babu irinsa. Sai ya koma yana sintiri wajen dattijon tasha, ya tsuguna yana birkita tarin da ke kan leda.

"Mai Guga, ka dawo neman giwarka?" in ji dattijon. "Ina da zaki, ina da kada, ina da lissafin aji shida. Giwa dai ba ta sauka a tashar nan ba."

"Mai takalmi ce. In ta zo ka ajiye min."

"Giwa da takalmi. Kai dai zafin dutse ya fara taɓa ka."

Ni ban san komai ba sai ranar da Auta ta wuni a gidana. Na ba ta tsofaffin takardun da na gama da su tana zane a baya. Tana cikin zanen, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Baffa, saboda ni aka rufe laburare."

"Wa ya gaya miki?"

"Ni na sani. Na jiƙa giwa, Anti ta yi fushi ta rufe. Yanzu sauran yara ma ba sa zuwa."

A safiyar ranar na wuce ta gaban laburaren, ƙofa a buɗe, yara na shiga. Da yamma na mayar da ita gida, na wuce shago. Yaya na tsaye yana goge wuyan wata riga. Da na tambaye shi, bai yi musu ba. Ya sunkuya ya zaro littafin daga ƙasan buhu ya miƙo min. Na buɗe. Jikin giwa na nan, da ƙafafunta, da jan takalmin da take gwadawa, amma inda fuska take sai baƙin tabo mai siffar dutsen guga.

"Me ya hana ka kai musu haka?"

"Kai ka karanta min dokar, har ka maimaita. In suka karɓe katin, ina zan samo mata littafi duk mako? Wajen mai lissafin aji shida?"

Gaskiya ya faɗa. Sai na gaya masa abin da Auta ta ce, kalma da kalma. Ya ajiye dutsen a tsaye, ya jawo kujera ya zauna. Tunda nake ban taɓa ganin ya zauna da rigar mutum a shimfiɗe ba a gama ba.

"Tun yaushe take ɗauke da wannan?"

"Ban tambaye ta ba."

"Kullum muna cin abinci tare," in ji shi. "Ba ta ce min komai ba."

Da Asabar ta zo ya naɗe littafin a gogaggiyar jarida kamar kayan da za a kai wa mai su, ya ce in raka su. Da muka shawo kwanar bayan kasuwa Auta ta hango ƙofar a buɗe, ta ja ta tsaya.

"An gama gyaran?"

Yaya ya tsuguna har gwiwar wandonsa ta taɓa ƙasa. "Ba a yi gyara ba, Auta. Ba a taɓa rufewa ba. Ruwan da kika zubar bai ɓata komai ba. Ni na ƙona littafin da dutse, na ji tsoro na ɓoye, na yi miki ƙarya."

Ta dube shi, ta dubi ƙunshin da ke hannunsa. Ba ta yi kuka ba. Ta saki hannunsa ta kama nawa, muka shiga.

Malamar ta warware jaridar, ta buɗe shafin tsakiya, ta cire tabarau ta sake sawa.

"Me ya ci mata fuska?"

"Dutsen guga ne, Malama."

"Na ga wanda aka tauna, na ga wanda aka yi wa wanka da sabulu. Guga dai yau na fara gani." Ta rufe littafin. "Katinka na nan a hannunka. Dokar ta waɗanda ke ɓata abu su ɓace ce, ka kuwa kusa shiga cikinsu. Ka kawo wani littafin yara mai lafiya a madadinsa, ko tsoho ne. In wani ya sake jiƙewa, ka sa farar takarda tsakanin shafuka ka danne da abu mai nauyi. Dutsen naka ma ya yi, in dai a sanyaye." Sai ta sassauta murya. "Littafin bai dame ni ba, Malam. Yarinyar ce nake ta duban ƙofa ko za ta shigo."

Yaya ya yi godiya. Washegari ya sayo zakin dattijon tasha, ya kai wa malamar yadda yake, da ɗan lanƙwason kunnensa, bai taɓa shi da dutse ba. Giwar kuwa malamar ta buga mata hatimin cirewa daga laburare ta bar masa ita. Tana kan katakon da ke saman teburinsa har yau.

Sun koma zuwansu na Asabar. Yana bin layi da yatsa, tana gyara masa. Sai dai wani abu ya sauya, ni ke lura da shi don a kaina yake sauka. Kwanan baya ina shagon, Auta ta ce a kai ta wajen mai gyaran waya ta kalli kifayen da yake kiwo a kwalba. Yaya ya ce ya rufe, ya tafi ɗaurin aure. Ta juyo gare ni, a gabansa.

"Baffa, da gaske ne?"

"Da gaske ne," na ce. "Na ga kwaɗo a ƙofar."

Ta gyaɗa kai ta koma kan littafinta. Yaya bai ɗago ba. Ya yayyafa ruwa, ya ci gaba da bin wuyan rigar da tuni ya miƙe.