Safar Iskar da Yaya Ya Ɗinka

Yayana tela ne, kuma duk unguwarmu Ɗinki Biyu ake ce masa. Ba ya bin layin ɗinki sau ɗaya. In ya kai ƙarshe sai ya juyo da yadin ya sake bi, sannan ya ɗaga ya ja shi da hannu biyu kamar mai rigima da shi. Rigar makarantar da ya ɗinka mini, na sa, ƙanwarmu ta sa, 'yarta ma ta sa, har muka gaji muka mai da ita tsumma, amma ɗinkin ko gezau. Na sha gaya masa kayansa ba sa mutuwa sai dai a kashe su.

Shagonsa na bakin hanyar wata ƙaramar makarantar koyon tuƙin jirgi, shi ke ɗinka wa ɗalibai kayan makaranta. A cikinsu akwai wata doguwar yarinya mai surutu da yake kira 'Yar Baba. Takan zauna kan bencinsa tana zuba masa labarin sama, shi kuwa ko tsani ba ya son hawa.

Wata rana aka kawo masa safar iskar makarantar, ta yage. Doguwar jaka ce kamar ƙafar wando, ana rataye ta a dogon ƙarfe gefen titin jirgi. In iska ta kaɗa sai ta miƙe, matuƙi ya leƙo ya san inda iskar ta fito da ƙarfinta. Suka ce ya yi musu irinta. Yaya ya murza yadin a yatsa ya taɓe baki, wai wannan ai gyale ne. Ya samo yadi mai kauri, ya sa masa shafi, ya bi shi ɗinki biyu. Suka karɓa har da yabo, ba wanda ya tuna da nauyinta.

Ranar da 'Yar Baba za ta fara tashi ita kaɗai, ba malami a gefenta, ta roƙe shi ya zo. Ya ja ni muka tsaya bayan shingen waya. Ta tashi lafiya, ta zagaya lafiya. Da ta juyo za ta sauka, ina jin iska na fizgar mayafina daga gefe, amma safar Yaya na rataye abinta, da ƙyar take motsi. Yarinya ta duba, ta ɗauka babu iska. Tayoyi na taɓa ƙasa hancin jirgin ya karkace, ta taka birki, ya ƙwace mata, ya bar kwalta ya shiga ciyawa ya tsaya da fiffike ɗaya a ƙasa. Ta fito da ƙafarta, ko ƙwarzane babu. Yaya kuwa bai dubi jirgin ba, safar ya zuba wa ido.

Malaminta mutum ne mai adalci. Ya ce kowa na da nasa kason: su da suka rataya ba su gwada ba, shi da ya ji iskar a fuska bai gaya mata ta rediyo ba, ita kuma da ta ji jirgi na zamewa, kamata ya yi ta ƙara wuta ta sake tashi ta zagayo. Duk da haka 'Yar Baba ta ce ita da jirgi haihata-haihata, hannunta ba na tuƙi ba ne. Ta aiko da kayan makarantarta shago, wai a ba wani.

Yaya bai ba kowa ba. Ya nemo yadi shara-shara irin wanda ya raina, ya hau keken ɗinki, ya fara sabuwar safa. Ina kallonsa ya kai ƙarshen layi, hannunsa na ƙaiƙayin juyawa, ya runtse ido ya yanke zaren. Wallahi tausayinsa ya kama ni, kamar wanda aka hana tari.

Ya naɗe safar da kayan ya tafi gidan su yarinyar, ni ina biye. Ya kunna fankar falonsu a mafi ƙanƙanta, ya riƙe bakin safar, ta miƙe sak.

"Kin tambayi safata, ta ce miki babu iska," in ji shi. "Ni na yi miki ƙarya, 'Yar Baba, ba hannunki ba. Wannan ba za ta ɓoye miki komai ba."

Ta karɓi kayan. Bayan wani lokaci ta koma tuƙi, da malami tukuna, daga baya ita kaɗai, ta sauka tsakiyar titi lafiya lau.

Yanzu iska da rana kan cinye safar, a kawo masa ita a yayyage. Kwanan baya na tsokane shi, na ce Ɗinki Biyu an tsufa, kaya sun fara yagewa. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Bari ta yage," ya ce. "Yadi ne, akwai wani a kasuwa. 'Yar Baba fa?"