Daren da Inna Ta Kira Ta-Cikin-Dodo

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka ni Dodo yake fara haɗiyewa. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Da zarar amfanin gona ya shigo gida, aka idar da sallar isha'i, aka zazzage buhun gyaɗa a tsakar gida, na san yau ma a cikin Dodo zan kwana.

Ƙauyenmu yana gefen Ringim. Asalinmu makiyaya ne, amma tun kafin a haife ni sanda ta koma fartanya, sai 'yan shanun da suka rage a bayan gida. Dada, kakarmu ta wajen uba, ita ke da wuta, ita ke da tatsuniya, kuma ba ta bayar da ita a banza. Sharaɗinta ɗaya ne: hannunmu yana ɓarar gyaɗa, bakinta yana labari. Hannu ya tsaya, baki ya rufe. Mu uku muke kewaye ta, ni Rakiya, da ƙanena Sale, da autarmu Ladidi, muna ɓara muna watsa ɓawon a wuta.

Mun haddace tatsuniyar Dodo kamar hanyar rijiya. Dole ya tare kogi ya hana gari ruwa. Dole 'ya'ya uku ne za su tafi. Dole su gamu da tsohuwa ta ce a cuɗa mata baya. Babbar ta yatsina fuska ta wuce, ta tsakiya ta ce sauri take yi, auta ta durƙusa ta cuɗa, a ba ta wata 'yar wuƙa. Sai Dodo ya shinshina ya ce yana jin warin mutum. Sanin duk wannan bai taɓa rage mana daɗi ba. In Dada ta kumbura kumatu ta saki gurnani, Sale da ke cika baki da rana sai ka gan shi a bayan buhu. Ana zuwa wurin haɗiya kuwa, su biyun za su juyo su nuna ni suna tsalle: "An haɗiye Yaya! An haɗiye Yaya!"

Nakan yi dariya tare da su, amma abin yana cina a rai, kuma akwai dalili. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. Al'adarmu ce uwa ta ji kunyar ɗan fari: ba ta ambatarsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Tun daga yaye a ɗakin Dada nake kwana. In Inna tana nemana sai ta ce, "Sale, kira min waccan." Ladidi kuwa kullum tana kan cinya. Ina 'yar shekara tara, ba wanda ya zaunar da ni ya fayyace min, sai na yanke wa kaina hukunci: ranar da Dodo ya haɗiye ni da gaske, Inna ko cigiya ba za ta yi ba.

Wani dare Dada ta kawo wurin tsohuwar nan, ta fara yatsina fuska irin ta babbar ya. Ban san lokacin da na ture ƙwaryar gyaɗata ba.

"Wallahi ba ta ƙi ba! Ta cuɗa! Kullum ita ce marar kunya, kullum ita ake haɗiyewa, kuma ba mai yi mata kuka!"

Inna tana bakin madafa tana wanke kwanuka, ta ba mu baya, ko waiwaye ba ta yi ba. Dada ta ƙura min ido, sannan ta kalli bayan Inna, sannan ta dawo kaina.

"Iye! Yau 'yar fari ta kai ƙarar tatsuniya. To ɗauki ƙwaryarki, sarkin rigima. Haɗiya dai sai an haɗiye ta, ni ba na yi wa Dodo ƙarya. Amma ku da kuke ta tsalle, wa ya taɓa tambayata abin da ke cikin cikin Dodo?"

Muka dubi juna. Ba wanda ya taɓa tambaya! Hannuwa suka koma kan gyaɗa da saurin da ba mu taɓa yi ba.

Ashe cikin Dodo gari ne guda, in ji Dada. Duk wanda ya haɗiye yana nan a duhu: masu ɗiban ruwa, da jarirai, da shanu, har da wani mai kalangu da ya manta kiɗa don tsoro. Kowa kuka yake. Babbar ya tana faɗowa ta kakkaɓe zane, ta ƙyasta wuta, ta tatsi shanun ta ba yara nono, ta goya na goyawa, ta tara mutane wuri guda. A waje kuwa auta ta iso da wuƙarta, ta tarar Dodo ya ƙoshi yana minshari. Sai dai ina za ta yanka? In ta kuskure wuri, mutane za ta yanka. Dole wani daga ciki ya ƙwanƙwasa ya nuna mata. Fatar Dodo kuwa kauri gare ta, ba muryar da ke ratsa ta sai muryar uwa.

"Aka ruga aka ɗauko uwar," in ji Dada. "To ga ta a bakin kogi. 'Yar fari ce a ciki, suna ya gagari baki. Dodo kuma ya fara motsi." Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta ɓare a tsanake. "Ni kam iya nan na sani."

Muka rikice. Sale yana cewa a kira maƙera, Ladidi tana jijjiga gwiwar Dada tana kuka wai zai farka. Dada ta yi kunnen uwar shegu da mu. Ni kuwa na kasa kunne wajen madafa, don na san ba wata uwa ake jira ba sai tawa.

Sai ƙarar kwanuka ta ɗauke. Daga bakin madafa wata siririyar murya ta taso da waƙa:

"Ta-cikin-Dodo, Ta-cikin-Dodo,
Ƙwanƙwasa in ji ki,
Tun safe ban sha ruwa ba,
Ƙwanƙwasa in ji ki."

Inna ce. Har lokacin bayanta muke gani. Na kife ƙwaryata, gyaɗa ta watse, na shiga dukan bayan ƙwaryar da hannu biyu. Dada ta zabura: "Ga wurin! Auta, yanka!" Ladidi ta kai wa buhu sara da tsinke, Sale yana ihu yana fito da shanu, mai kalangu ya tuna kiɗansa, gari ya sha ruwa. Ina dariya hawaye yana zuba, ban taɓa jin farin ciki irin na wannan dare ba. Inna ta ɗauki kwanukanta, ta ce wa iska, "Surutunku ne ya ishe ni." Ta shige ɗaki.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Dutse, ina zaune a Takur. Littattafan dodanni da yara ke karantawa hanyarsu ɗaya da ta Dada: ƙarami ne ke zuwa da wuƙa, shi ake yi wa tafi. Nakan tambaye su wa ya riƙe mutanen da ke ciki kafin ya iso, sai su fara tunani. Na daɗe kafin in gane cewa Dada ba ta manta ƙarshen labarin ba. Ta ga uwa da 'ya al'ada ta gitta a tsakaninsu, ba ta karya al'adar ba, sai ta buɗe musu ƙofa ta gefe.

Har yau Inna ba ta ce Rakiya ba. Bara ta kwanta a asibiti, aka yi mata aiki, muna zaune a baranda cikin jama'a muna jiran ta farfaɗo. Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo tana ƙunshe dariya.

"Baiwar Allah ta farka, ta ce mutum ɗaya take son gani. Wai wace ce Ta-cikin-Dodo?"

Kowa ya waiwaya. Na miƙe, da furfurata da 'ya'yana huɗu, na ce, "Ni ce."