Karen Walter Mai Ƙafa Uku

Shekara talatin da takwas Enid Pocock ta yi tana sharar Tsohon Zaure, kuma ban taɓa jin ƙorafinta ba sai a kan masu shigowa da taɓo a takalmi. Ni ce Maureen mai sayar da shayi a bakin ƙofa, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi.

Zauren nan babu abin da bai zama ba. Fataken ulu ne suka gina shi don taronsu, shekara ɗari biyar ke nan. Da kasuwar ulu ta mutu ya koma kotu, 'yan sanda kuma suka riƙa tsare masu laifi a ɗakin ƙasa. Lokacin yaƙi a nan ake raba katin abinci. Da muna 'yan mata rawa ake yi a sama duk Asabar, a nan ma Enid ta tsinci mijinta, bawan Allah da har ya bar duniya bai daina taka mata ƙafa ba. Daga baya aka zuba littattafai, yanzu kuma gidan tarihi ne. Kowa ya yi yayinsa ya tafi, ita tana nan da bokitinta.

Gajeriya ce, ga baki. Ba ta da wani dogon buri. A ba ta shayi mai kauri, a bar ta da kabejin da take nomawa a bayan gida, shi ke nan duniya ta yi mata daɗi. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi: ɗakin ƙasa ita kaɗai ke share shi.

A bangon ɗakin akwai zanen wani kare da aka ƙwarzana da ƙusa, ƙafarsa uku. Bara hukumar gari ta ɗauko wani masani, Dokta Ashworth, don ya rubuta bayanin da za a liƙa a jikin kowane abu. Mutumin kirki ne, sai dai in ya fara magana ba ya jin kira. Ya yi kwana biyu yana leƙen karen nan, sannan ya tara mu ya ce wani fursuna ne ya zana shi shekara ɗari uku da suka wuce, aka rataye shi kafin ya ƙarasa ƙafa ta huɗu. Har da share ƙwalla! Ranar Juma'a za a liƙa allon bayanin.

Enid ta zo wurina ta zauna, shayinta ya huce ba ta taɓa ba.

Na ce, "Ke kuma lafiya? Ko kabejin ne ya ƙi?"

Ta ce, "Maureen, karen nan namu ne. Tarko ne ya cinye masa ƙafa. Babana ya zana shi."

Ashe tana shekara tara aka kama mahaifinta, Walter Tranter, da zomaye biyu a gandun wani attajiri, ya yi kwana uku a ɗakin nan. A makaranta yara suka sa mata suna 'yar ɓarawo. Uwarta ta sa ita da 'yan'uwanta rantsuwa ba za su ƙara ta da maganar ba, har suka bar unguwar. Ko 'ya'yan Enid ba su sani ba, a wurinsu kakansu lebura ne mai zuwa coci. In ta yi shiru, asiri ya rufu har abada, amma an ba wani matacce na ƙarya karen ubanta. In ta yi magana, gari ya ji.

Na ce, "To wa ya rage da zai yi miki gori? Duk suna maƙabarta."

Ta ce, "Ke ba ki san garin nan ba? Matattunsa ma gulma suke yi."

Na yi dariya, amma wallahi ta ba ni tausayi.

Ranar Alhamis da safe sai ga ta da hular zuwa coci, abin da ba ta taɓa sawa wurin aiki ba. Ta sami Dokta a ɗakin ƙasa, ni kuma na bi bayanta da butar shayi, wai aiki ya kai ni. Ta miƙa masa wani tsohon hoto: mutum a tsugune, yarinya a gefensa, ga kare mai ƙafa uku.

Ta ce, "Ɗana, ba a rataye kowa ba. Babana ne ya zana karen, kuma a gadonsa ya mutu yana da shekara tamanin da ɗaya, yana faɗa da rediyo."

Kunnuwan Dokta suka yi ja. Ya dubi hoto, ya dubi bango, can sai ya fashe da dariya, ya ce bai taɓa jin daɗin kuskure irin na yau ba. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Mama, ba dole a sa suna ba. Sai in rubuta wani mazaunin gari."

Enid ta gyara hularta.

Ta ce, "A'a. Rubuta Walter Tranter. Rubuta zomo biyu ya sata. Mu bakwai ne a gida, kuma babu wanda ya taɓa kwana da yunwa. Wannan ma ka rubuta."