Hancin Baba Kwalba

Ɗaliban sashen kimiyyar sinadarai ne suka laƙaba masa Baba Kwalba, shi kuma bai taɓa musawa ba. Tun kansa ba furfura yake tsaye gaban famfon ɗakin gwaje-gwaje, yana wanke kwalaben da malamai suka narka ƙarafa da asid a ciki. A zamaninsa fankar zuƙe hayaƙi ta fi kowa zuwa hutu, takunkumi kuwa sai ranar da manyan baƙi za su zo. Haka hancinsa ya mutu a hankali, shi kansa bai san ranar ba. Ɗalibai su toshe hanci su fice a guje, shi yana ciki yana goge tebur, yana yi musu dariya, wai 'yan hutu.

Dariyar ta ƙare bayan rasuwar mai ɗakinsa. 'Yarsa ta ninke mayafin uwar, ta sa a leda, ta ce, "Baba, har yanzu ƙamshin Mama na jiki." Ya karɓa ya cusa fuska, ya ja numfashi har ƙirji ya yi masa zafi. Yadi kawai ya ji. Kewar matar nan ta hana shi sakat, kuma ya san ƙamshi ba ya jiran kowa. Duk buɗe ledar da aka yi, wani abu na tafiya.

Ana nan sai ya ji wata malama a sashen nazarin halayyar ɗan Adam tana neman mutanen da za ta yi bincike da su kan ƙamshi da tunawa. Tsoho ya hau bene da guiwarsa mai ciwo.

"Baba, ba magani nake bayarwa ba," in ji ta. "So nake in san abin da ƙamshi ke tuna wa mutum."

"Na sani, 'yata. Amma na ji an ce in ana shinshinawa kullum, wani hancin kan farka."

"Wani kan farka. Ba zan yi maka alkawari ba."

Bai taɓa fashi ba. Ta jera ƙananan kwalabe a tebur, ta rufe masa ido da ƙyalle, ta riƙa miƙowa: ɓawon lemo, kanumfari, sabulu, jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya shinshina, ya ce babu. Wani lokaci yakan daɗe da kwalba a hanci, kamar mai kasa kunne a ƙofar gidan da ba kowa. A gida kuma 'yarsa ta daina zancen mayafin, shi ma bai tambaya ba, don ya gane ƙamshin ya tafi.

Ranar da za a rufe binciken, malamar ta ɗauko wata kwalba daban.

"Wannan amoniya ce, irin sinadarin ɗakin gwajinku, an sirka da ruwa sosai. Ba ƙamshi za ka ji ba, yaji ne, ko mataccen hanci yana jin sa. Kaɗan za ka ja."

Ya ja. Abin ya soke shi har tsakar ka. Sai ga shi a ƙofar ɗakinsu da yamma, ya taso daga aiki, ga mai ɗakinsa tsaye ta tare hanya. Ta matse hanci da yatsu biyu, ɗaya hannun riƙe da wankakkiyar riga, tana danne dariya. "Tsaya nan, Malam. Cire wannan tukuna, warin aikinku kake." Har muryar ya ji, yadda take fita ta toshasshen hanci. Ya ma manta tana yi masa haka.

Hawaye ya jiƙa ƙyallen da ke idonsa. Malamar ta yi sauri ta janye kwalbar tana neman murfi.

"Yi haƙuri, Baba, ta yi maka ƙarfi."

Ya miƙa hannu yana laluben iska.

"Dawo da ita, 'yata. Ba ta gama magana ba."