Usur ɗin Malamin Daji

Allah Ya jiƙan Kaka Ladi. Ta zo mana Glenwood, can ƙasar Turawa, cikin sanyi, ina ɗan shekara tara, Baba yana karatu a jami'a. Gidan hayarmu yana da murhu a bangon falo. A nan take zama bayan magariba, ni da ƙanena Sani muna sauraronta.

Sani ya ci sunan marigayi mijinta, don haka "Maigidana" take kiransa, ni kuwa Habu kawai. Da Turanci ma yake amsa mata, amma kullum shi ke kan cinya. Da na ji ta ce shi za ta bar wa usur ɗin tagulla na kakanmu, abin ya tsaya mini a rai.

Ran nan Sani ya karya reshen itacen bayan gida. Na ɗauko tawada da takarda na rubuta laifinsa da ajami, na karanta mata a gaban wuta.

Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce Sarkin Daji sarauta ce tun kafin Turawa, maharbin da ya san dawa ake naɗawa, shi ke hana sarar ɗorawa da kaɗanya. Da En'e, hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, ta yanki gandun daji, sai aka ɗauki masu alƙalami su bi shi suna rubuta izini da sunan mai laifi. Dalilin kiransu malaman daji ke nan, kuma kakanmu yana cikinsu. Rawanin Sarkin Daji ya tsone masa ido, har ya rubuta ƙararsa kan ɗorawa guda da ya sara. Aka tuɓe tsohon, aka naɗa wani daban. Har kakanmu ya rasu yana istigfari a kan takardar nan.

"Ja'iri, ashe kai ka gado shi," in ji ta. "Maigidana suna kawai ya ɗauka. Jefa ta a wuta."

Na jefa, ina zaton yanzu usur ya zama nawa. Ranar komawarta gida a wuyan Sani ta rataya shi.

Sai da na girma na gane ba yabona ta yi ba, gargaɗi ne. Har yau usur ɗin yana rataye a falon Sani. Duk ran da na je ziyara sai idona ya kai kansa, in kawar da kai, in yi istigfari.