Ɗakin da ya yi gumi

Haihuwata ta fari a gidanmu na yi ta, a wani ƙauye kusa da Gangara, farkon damina. Ruwa ya sauka sau ɗaya ya ɗauke, ya bar mu da wani zafi mai nauyi, irin wanda ko ka yi gumi ba ya bushewa.

Yayana ya gina sabon ɗaki na suminti da rufin kwano, aka ce nan mai jego za ta zauna, don a fita kunyar baƙi. Ɗakunanmu na laka ne, suna shan laima su huce. Wannan kuwa ko numfashi ba ya yi, amma wa ya sani a lokacin?

Gwaggo, ƙanwar babana, ita ke yi mini wanka. Mace ce da ba a ja da ita. A wurinta babban abokin gaban mai jego sanyi ne, ko da rana tana narka dutse. Ta toshe taga da buhu, ta saki tabarma a ƙofa. Da ta ga hadari na yawo, sai ta ce ba zan yi wanka a waje iska ta buge ni ba. Aka riƙa shigo da tukunyar tafasasshen ruwa cikin ɗaki safe da yamma, ana fyaɗa mini da ganyen bedi, wato dogon yaro. Ga garwashi a kasko, ga tsummokaran jinjiri a shanye a kan igiya, ba sa bushewa.

Bango ya fara zubar da ruwa. Daga kwanon sama ɗigo yake faɗowa a kan gado. Tabarma ta yi warin ruma.

Kafin suna yaron ya rage shan nono. Wata rana da azahar na ga ya yi laushi, jikinsa duk ƙuraje, ƙirjinsa na ɗagawa da sauri, kuma ko kuka ba ya yi. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Amma ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa sai an miƙo mata, balle ta nuna ta damu da shi. Ina satar kallonsa ina kawar da kai.

Na ce, "Gwaggo, ɗakin nan ya yi zafi."

Ta ce, "Ɗiyata, zafi magani ne. Mu ma haka aka gasa mu."

"A ɗakin laka aka gasa ku."

Ta yi mini wani kallo, ta ƙara wa yaron zane, ta fita ɗauko ruwan yamma.

Na sa yatsa a tafin hannunsa, bai kama ba. Ina jin muryoyin mata 'yan barka a tsakar gida, ina jin tarin babana a gindin bedi. Na san abin da za a ce da ni, kuma har yau ana faɗa. Na warware zanen, na sungume shi tsirara, na ture tabarmar ƙofa.

Matan tsakar gida suka zuba mini ido. Gwaggo na tafe da tukunya, ta ce, "Marar kunya, ina za ki da shi?"

Na wuce gindin bedi, inda iska ke ɗan motsi, na zauna dab da tabarmar babana, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Ya dubi jikan, ya tashi ya bar mini inuwar.

Yaron bai motsa ba. Ina ta hura masa fuska. Gwaggo ta dire tukunya ta zo kaina tana faɗa, cewa na kunyata dangi, na jawo masa sanyi. Da ta leƙa fuskarsa sai faɗan ya tsaya. Ta fizgi faifai daga hannun wata mata, ta durƙusa tana yi masa fifita.

Mun daɗe a haka. Can sai ya yamutsa fuska, ya buɗe baki, ya tsala kuka. Na ba shi nono a gaban kowa, ya kama, ni ma na fashe da nawa kukan.