"Da Sauƙi" Ta Kusa Kashe Ni a Granada

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa na je Turai na yi girman kai. Wallahi ba haka ba ne. Tun hoton ƙarshe da na ɗora muku daga Granada, kwance nake. Sai yanzu na samu ƙarfin yin rubutu.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan Jega ne, ina karatun adana amfanin gona a Valencia, ƙasar Sifen. Da damina na je gida ganin Inna. Ina komowa, abokan karatuna suka shirya mu zaga garuruwa a jirgin ƙasa kafin a koma aji.

Mun sha yawo kam. A Madrid na ci wainar ƙwai da dankali da albasa. Albasarsu ƙatuwa, amma ba ta sa mutum hawaye kamar ta Aliero. Mutanen nan sai lokacin da Jega ta yi barci suke zama cin abincin dare, daga nan a wuce gidajen kiɗa da rawa. Ni dai lemo nake riƙewa, ina kauce wa cinyoyin alade da suke ratayewa a shaguna.

A Kordoba, cikin tsohon masallacin nan mai ginshiƙai, sanyi ya fara kama ni, ana rana tsaka. Na gane shi nan take. Zazzaɓin cizon sauro ne, da shi na taho daga gida. Na shiga kantin magani kamar yadda muke yi, suka ce sai da takardar likita. Haushi ya kama ni. A kan ɗan zazzaɓi zan je asibiti? Na sayi farasitamol na wuce.

Da muka isa Granada ko tsayuwa ba na iyawa sosai. Abokina Diego, wanda muke ɗaki ɗaya, ya tambaye ni jiki. Na ce masa da sauƙi.

Ku kun san mu. Ko mutum yana gargara, aka ce ya jiki, da sauƙi zai ce. Kuma a gida ba wanda ke yarda. Za a taɓa goshinka, a dubi idonka, a aika neman mota. Diego kuwa ya yarda. Ya ce in huta in same su a birnin Sabiya, suka ɗauki jakunkunansu suka tafi.

Na kwanta ni kaɗai a masaukin. Ina jin dariyar mutane a titi, ina amai, ba mai miƙo mini ruwa. Fitsarina ya koma kamar baƙin shayi. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne in mutu a nan, ba wanda ya san yadda ake yi wa Musulmi wanka.

Matar da ke sharar ɗakuna ce ta same ni a ƙasa, ta kira motar asibiti.

Gwajin jini ya nuna zazzaɓin ya yi tsanani, har ya taɓa ƙoda. Aka sa mini ƙarin ruwa da allurai, aka yi mini wankin ƙoda. Inshorar ɗalibai ce ta ɗauki kuɗin, da ba don ita ba ban san inda zan sa kaina ba.

Kusa da gadona akwai kujerar mai jinya. Tsohon da ke gado na gaba, matarsa da 'ya'yansa suna karɓa-karɓa a tasa. Tawa ba kowa. Na fi jin ciwon kujerar nan fiye da allura.

Wata safiya likita ta tambaye ni, na ce da sauƙi. Ta ajiye abin rubutunta ta ce, "Kullum haka kake faɗa, jininka kuma yana faɗin wani abu daban. Ba zan iya yi maka magani da ladabi ba. Ina ke ciwo?"

Ranar na kira Inna, wadda nake ta ce wa karatu ne ya ɓoye ni. Ina yin sallama ta ce, "Kai, mi as same ka? Muryar ga ba taka ba ce." Sai kuka ya ƙwace mini.

Washegari Yaya Bello ya rufe rumfar albasarsa a Aliero ya zo Jega da babbar wayarsa, aka kira ni ta bidiyo. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta jingina wayar da kwano, ta zauna jinya. Ni ma ma'aikaciyar jinya ta ɗora mini tawa wayar a kan kujerar. 'Yan dubiya suka riƙa zuwa har daga Jandutsi, suna durƙusawa gaban waya suna cewa ya jiki. In na ce da sauƙi, sai in ji Inna daga gefe: "Ƙarya shika yi, bai ci komi ba."

In layi ya yanke, kujera ta koma kujera. Amma na san za a sake kira.

Diego ya dawo da furanni, idonsa ja. Ya ce, "Ai kai ka ce ka samu sauƙi." Ban ga laifinsa ba.

Alhamdulillahi, ƙodata ta tashi, an sallame ni. Na gode wa Allah, na gode wa Inna da Yaya Bello, da likitar nan, da matar da ban ma san sunanta ba.

'Yan uwa masu fita waje, in kun dawo daga gida kuka ji zazzaɓi, ku tafi asibiti ranar, ku faɗa musu daga inda kuka taho. Ku yi inshora. Kuma in an tambaye ku jiki, ku faɗi gaskiya. A can ba Inna da za ta ƙaryata ku.